Na-Gane da Jakar Surukinsa

Akwai wani baduku mai shago a layin masu gyaran babura, tsakanin wani bakanike da mai sayar da taya. Sana'arsa ita ce yi wa babura kayan fata: rigar sirdi, jakar gefe, 'yar jakar ajiye sifana, da naɗin da ake yi wa hannun babur don kada ya zame wa mutum idan tafinsa ya yi gumi. Hannunsa yana da kyau, wannan ko maƙiyinsa bai taɓa musawa ba. Aibinsa ɗaya ne, ba ya barin mutum ya kai ƙarshen magana. Da ka yi rabin zance sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na gane." Tun ana kiransa da kalmar a bayan idonsa har aka koma kiransa a gabansa, shi kuma yana amsawa. Na-Gane ke nan.

Abin da ya ɓata shi kuwa, sau da yawa yakan gane ɗin. Mutum zai tsaya da babur yana kame-kame, bai san yadda zai kwatanta abin da yake so ba, sai Na-Gane ya dubi babur ɗin, ya dubi mai shi, ya ce ya dawo jibi. In ya dawo sai ya tarar da abin da ke ransa, har ma da ƙari. Wannan ya sa ya ɗauka cewa ragowar maganar mutane ɓata lokaci ce kawai. Bakaniken da ke maƙwabtaka da shi yakan tsokane shi ya ce, "Kai ko likita ne ya ce maka, 'Gwajin da muka yi ya nuna,' cewa za ka yi ka gane, ka ɗauki hularka ka fito." Sai Na-Gane ya yi dariya ya ci gaba da huda fatarsa.

A gida ma haka yake. Wata safiya zai fita, matarsa ta ce, "Maigida, gishiri…" Ya ce ya gane. Da yamma sai ga shi da ƙullin gishiri niƙi-niƙi, alhali abin da za ta ce shi ne gishiri ya yi musu yawa, kada ya ƙaro. Ta karɓa ta ajiye a kan na da, don ta daɗe da gajiya da halinsa.

Mutum ɗaya ce a duniya take iya ja da shi, wato jikarsa, 'yar wajen autarsa. Yarinya ce ƙarama mai surutun tsiya, shi ya sa yake kiranta Aku. Gidan iyayenta yana bayan layinsa, kuma kusan kullum in an taso daga makaranta sai ta biyo ta shagon, ta hau kan tarin fata ta zauna tana ba shi labarin da ba shi da kai ba shi da gindi. In ya ce ya gane, sai ta buga ƙafa ta ce, "Kaka, ban gama ba!" Shi kuma ya ce, "To amarya, ajiye sauran sai gobe." Ba ya faɗa, amma duk layin an san cewa zuwan yarinyar nan shi ne daɗin yininsa.

Mahaifin Aku, wanda kowa ke kira Dogo, mutum ne mai sanyin hali da kunya. Ya daɗe ba shi da aiki tun da aka rufe inda yake yi. Yayansa da ke wani gari mai nisa ya yi ta kiransa ya kwaso iyalinsa ya koma can, akwai abin yi. Dogo ya ce a bari ya ƙara gwadawa sau ɗaya, in bai dace ba sai su tafi. Ana cikin haka ya samu aiki a wani ɗakin ajiyar magani, zai riƙa kai magunguna ƙananan asibitoci a kan babur ɗinsa. Sai dai an ce masa gwaji ne tukuna, in ya yi kyau a tabbatar da shi. Kowa a gidan ya san abin da ke rataye a kan aikin nan: in ya zauna, matarsa Auta da Aku sun zauna, in ya kuɓuce, sun tafi.

Ranar da zai fara shiri, Dogo ya turo babur ɗinsa ƙofar shagon, ya durƙusa ya gaida surukinsa. Ya fito da wani ɗan akwatin roba mai murfi ya ce, "Baba, jaka nake so a yi mini a gefe, wadda wannan zai shiga. Baya akwai kwalaye, babu wuri. Sai dai abin da za a riƙa sawa a ciki…"

"Na gane," in ji Na-Gane. Ya riga ya karɓi akwatin yana auna shi da tafin hannu. "Magani ne. Kada ya jijjiga, kada ƙura ta shiga, kada ruwan sama ya taɓa shi. Ka zo jibi."

"Eh, Baba, haka ne. Amma shi wannan ɗin…"

"Dogo, tun ba a haifi matarka ba nake wannan aiki. Je ka abinka."

Da wani ne can daban, da ya tsaya ya ce a saurare shi. Amma Dogo suruki ne, kuma aikin kyauta za a yi masa. Ya ga in ya nace kamar yana koya wa uban matarsa sana'a ne. Ya haɗiye sauran maganar, ya yi godiya, ya tafi.

Gaskiya Na-Gane bai yi wa aikin nan ha'inci ba. Ya ture sauran ayyukan da ke gabansa, ya sauko da fatar da ya daɗe yana ɓoyo, jan ƙirgi mai kauri wanda bai da tabo ko ɗaya. Ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya shafa ta da hannu, ya zaɓi wajen gadon baya inda ta fi ƙarfi. Ya yanka, ya fere gefuna da aska har suka yi laushi. Ya goga wa zare kaki, ya huda da basilla, ya yi ɗinkin allura biyu wanda ko zare ɗaya ya tsinke ɗayan zai riƙe. Ciki ya shimfiɗa tattausar fatar akuya don kada akwatin ya yi ta bugawa. A kan murfin ya jiƙa fatar kaɗan, ya buga mata zane da ƙarfe, ya bari ta bushe. Yana yi yana ce wa bakanike, "Wannan jakar ita za ta riƙe mini amaryata a garin nan."

Da aka zo ɗaurawa sai ya zaɓi gefen dama. Dalilinsa kuwa na masu ado ne. In aka kafe babur a kan ƙafarsa, hagu yake kwantawa, gefen dama ya ɗago yana kallon mutane. Duk wanda ya wuce zai ga zanen, ya tambayi wanda ya yi. A dama ɗin ne salansa take, wato bututun hayaƙin babur, ya sani sarai, don haka ya rataye jakar da maɗauran fata biyu, ya bar tazarar yatsa huɗu tsakaninta da ƙarfen. Ya tayar da babur, ya bari ya yi zafi, ya sa hannu a gindin jakar, ya ji ɗumi kaɗan ne. Ga kowane irin kaya da ya saba yi wa jaka, wannan ya isa.

Dogo ya zo karɓa, ya ga aikin, ya rasa bakin godiya. Sai idonsa ya sauka a kan salansa, fuskarsa ta ɗan canza.

"Baba, na ga a wannan gefen aka sa. Ina tunanin ko zafin…"

"Na gane. Yatsa huɗu na bari. Ko ƙwai ka sa a ciki ba zai san an kunna babur ba."

Dogo ya duƙa ya sa yatsunsa, ya ga huɗun ne cif. Ya ce a ransa akwatin ma ai yana da nasa kaurin, kuma wanda ya yi shekara da shekaru yana wannan aiki ya fi shi sani. Da ya koma gida ya faɗa wa Auta damuwarsa, ita kuma ta kira mahaifinta a waya ta ce, "Baba, game da jakar nan, baban Aku yana cewa…" Na-Gane ya ce, "Na gane, ki ce masa babu godiya tsakaninmu," ya kashe wayar.

Abin da ba a bari Dogo ya faɗa ba shi ne, maganin da ke shiga akwatin nan allurar masu ciwon suga ce, wadda ba ta son zafi ko kaɗan. A cikin ƙanƙara ake jera ta. Akwati mai ƙanƙara kuwa gumi yake yi, in rana ta ɗaga har ya riƙa ɗiga. Kullum ruwan nan yana tsatsowa, fatar akuyar da ke ciki tana sha, tana miƙa wa ƙirgin, har ya kai ga maɗauran. Babu wanda ya fi Na-Gane sanin abin da ruwa ke yi wa fata, tunda da shi yake lanƙwasa ta yadda yake so. Jiƙaƙƙiyar fata in aka rataya mata nauyi miƙewa take yi, kuma ba ta komawa.

Kwanakin farko komai ya tafi daidai. Dogo yana duba tazarar kowace safiya, da ya ga babu abin da ya faru sai ya saki jiki ya daina dubawa. Jakar tana sauka a hankali, yadda ido ba zai lura ba.

Rannan aka aike shi wani asibiti mai nisa a bayan gari, hanyar duk ramuka, rana kuma ta buɗe sosai. Wani wuri a tsakiyar tafiyar, gindin jakar ya zauna a kan salansa. Iska tana kwashe ƙaurin zuwa baya, shi bai ji komai ba. Sai da ya isa, ya kashe babur, sannan warin ƙonanniyar fata ya buge shi. Ya buɗe jakar. Gindin akwatin ya narke ya manne da fatar, ƙanƙarar ta zama ruwan ɗumi, 'yan kwalaben suna yawo a ciki. Ma'aikaciyar asibitin ta ɗauki ɗaya ta taɓa a kumatunta, ta girgiza kai ta ce ba za ta yi wa kowa wannan ba. A kan benci akwai mutane suna jira tun safe, har da wata tsohuwa da ɗanta ya ɗauko daga nesa. Dogo yana tsaye aka ba su haƙuri aka ce su dawo.

Washegari aka sallame shi. Bai je shagon surukinsa ba, bai kuma bari Auta ta je ba. Ya kwance jakar ya tura ta ƙarƙashin gado, ya kira yayansa ya ce suna nan tafe.

Na-Gane bai san abin da ake ciki ba. Abin da ya gani kawai shi ne Dogo ya wuce ta bakin layi a kan babur, kuma babu jaka. Ransa ya ɓaci. Ya ce wa bakanike, "Ka ga yaran yanzu? Ka zuba wa mutum fatar da kake ji da ita, ya cire ya ajiye." Bakanike ya buɗe baki zai ce wani abu, don shi labari ya riga ya iso masa, sai Na-Gane ya ce ya gane, ya rufe shago ya nufi gidan 'yarsa.

Ya tarar da tsakar ɗakin cike da kwalaye, an sauke labule, an naɗe katifa. Dogo ya durƙusa ya gaishe shi kamar kullum. Na-Gane ya tsaya yana dube-dube, ya ce, "Me nake gani haka? Ina jakar da na yi maka?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Auta ce ta shiga ciki ta jawo jakar, ta ajiye a gaban mahaifinta. Idonta ya kumbura don kuka. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban taɓa yi maka haka ba. Amma yau don Allah ka zauna, kada ka ce komai sai na ce na gama."

Ya zauna a kan wani kwali. Ta faɗa masa komai tun daga farko, har zuwa tsohuwar da aka mayar gida. Sau biyu bakinsa ya motsa, sau biyu ya rufe shi. Yana ji yana juya jakar a hannunsa. Ya ga ƙunar da ke gindinta, ya ga tabon ruwa ya zagaye ta kamar zobe. Ya ja maɗauri ɗaya ya ji yadda ya sirance ya yi tsawo. Tun kafin ta kai ƙarshe yatsunsa sun riga sun gaya masa abin da ya faru, amma ya jira har ta ce, "Na gama."

Ya dubi surukinsa ya ce, "Ƙanƙara kake sawa a ciki?"

"Eh, Baba."

"Da na san da ƙanƙara ai hagu zan sa ta. In shimfiɗa mata roba a ciki, in huda mata inda ruwa zai fita, in ɗora ta a kan ƙarfe maimakon maɗauri. Aikin yini ɗaya ne. Me ya hana ka gaya mini?"

Dogo ya ce a hankali, "Na fara, Baba."

Na-Gane ya miƙe. Ya ɗauki jakar ya fita, ko sallama bai iya yi ba.

Da gari ya waye ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ɗakin ajiyar maganin, ya nemi ganin shugabar wurin. Ya ajiye jakar a kan teburinta, ya ce laifin nasa ne, ya yi mata bayanin fata da ruwa da salansa. Ya yi ta magana yana jiran inda za ta katse shi, ba ta katse shi ba. Ta naɗe hannu tana kallonsa har ya rasa abin faɗa ya yi shiru da kansa. Ya ji wani iri, don sai yanzu ya san yadda ake ji in an bar mutum ya kai ƙarshen zancensa.

Ta ce, "Baba, na ji, kuma na yarda da kai. Amma shi na ba amanar maganin, ba kai ba. Ya ga jakar a kusa da wuta, hankalinsa bai kwanta ba, ya yi shiru don yana jin nauyinka. Ni kuma marasa lafiya nake jin nauyi. Ban da haka ma, na riga na ɗauki wani."

Ya dawo shago ya yanki sabuwar fata. Ya yi jakar yadda ya kamata a yi ta tun farko, da robarta da hudarta da ƙarfenta. Babu wanda ya sa shi, babu kuma wanda zai yi amfani da ita, tunda an sayar da babur ɗin saboda tafiya. Da ya gama ya rataye ta a ƙusa a bayan teburinsa, kusa da ƙonanniyar.

Ranar tafiya Na-Gane da matarsa suka raka su Dogo tasha. An ɗaure kaya, fasinjoji sun shiga, Aku tana kan cinyar uwarta a bakin taga. Ta leƙo ta ce, "Kaka, ban ba ka labarin kyanwar makarantarmu ba. Ka san ta haihu a cikin kwalin alli? To jiya da muka je dubawa, sai muka tarar…"

"Ina jin ki, amarya," in ji shi, ya matso ya dafa tagar. "Sai kuka tarar da me?"

Direba ya ja mota. Yarinyar tana ta magana, yana ganin bakinta yana motsi, amma ƙarar injin ta danne muryar. Ya bi motar da sauri har bakin ƙofar tasha, yana cewa, "Da me? Kuka tarar da me?" Motar ta hau titi ta tafi. Ya tsaya a wurin har matarsa ta zo ta taɓa hannunsa ta ce su je gida.

Har yanzu yana nan a shagonsa, kuma har yanzu Na-Gane ake kiransa, don suna ba ya fita da sauƙi. Sai dai in ka kawo masa aiki yanzu, zai ajiye basilla ya saurare ka, in ka yi shiru ya ce, "Sai kuma me?" Sabbin masu zuwa sukan tambayi dalilin rataye ƙonanniyar jaka a shagon mai gwaninta irin tasa. Yakan ce musu ta surukinsa ce. Lokacin tashi daga makaranta kuwa, bakanike ya ce yakan gan shi yana kallon bakin layi, sannan ya koma kan ɗinkinsa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙwarewa ba ta maye gurbin saurare. Duk iya sanin da ka yi wa sana'arka, mai buƙata ya fi ka sanin buƙatarsa, kuma sau da yawa abin da ya fi muhimmanci a ƙarshen magana yake zuwa, bayan mai yin ta ya gama kewaye-kewaye. Na-Gane bai rasa ilimin da zai hana wannan asara ba, kalma ɗaya ce ya ƙi tsayawa ya ji. Wanda yake sama, uba ne ko maigida ko gwani, ya sani cewa na ƙasa da shi ba kullum yake da ƙarfin halin maimaita magana ba, don haka ya ba shi wuri ya gama. Wanda yake ƙasa kuma ya sani cewa in amanar wasu tana hannunsa, ladabi bai hana shi cewa, "A yi haƙuri, ban gama ba."